Layin da Na Shafa wa Kore

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 9:40 na safe, a ofis

An sace kwamfutar Kawu.

Jiya da yamma ne, a asibiti. Ya kai matarsa, Goggo, wankin ƙoda kamar yadda ya saba duk Litinin da Alhamis, ya ajiye jakar a kan benci ya je karɓo magani, ya dawo babu jaka babu dalilinta. Kawu shi ne dattijon da ke shigar mana da sakamakon gwajin jini daga gida. Ba kawun kowa ba ne a nan, amma tun daga Manaja har mai gadi haka muke kiransa. Shi ya nuna mini inda komai yake a kamfanin nan lokacin da na zo ina rawar kai da sabuwar takardar digiri.

Ban ko ajiye jakata ba Manaja ya aiko kirana. Ya ce, "Uwar Makulli, zauna. A kulle take, ko?"

Na ce, "Tana cikin jadawali, ranka ya daɗe."

Ya buɗe jadawalin a gabana. Kwamfutoci arba'in da biyu na ma'aikatanmu masu aiki daga gida, kowacce da layinta, duk kore shar. Ya bi da yatsa har layin ƙarshe, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ɓarawo ƙarfe kawai ya sata." Ya yi dariya, na taya shi.

Ban yi ƙarya ba. Tana cikin jadawali.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Lauyar kamfani ta zo da takarda. Mace ce da ba ta son dogon turanci. Ta ce in yi mata bayani kamar yadda zan yi wa kakata.

Na yi. Wannan bayanin ko daga barci aka tashe ni zan iya rero shi, don sau ashirin na yi wa ma'aikata shi har suka laƙaba mini sunan nan. Na ce kalmar sirrin da ake bugawa a buɗe kwamfuta labule ce kawai. Wanda ya san hannunsa zai kwance kwamfutar, ya ciro ma'ajiyar cikinta, ya jona ta a wata na'ura, ya karanta komai yana shan shayi. Amma in an yi mata kullen sirri, duk abin da ke ciki ya zama shirme, haruffa da lambobi a cakuɗe, ba mai warware su sai mai mabuɗin. Ko shekara ɗari ɓarawo zai yi a kai ba abin da zai tsinta.

Ta ce, "Mutum nawa ne a ciki?"

Na ce ɗari shida da goma sha biyu. Suna, lambar waya, da sakamakon gwaji. Kawu yakan sauke su ya yi aikinsa ba tare da intanet ba, saboda sabis ɗin unguwarsu sai an hau katanga.

Ta ce ƙa'idar da muke bi a fili take. In a kulle take, ba sai an tayar wa mutanen da hankali ba. In ba a kulle take ba, dole a kira su ɗaya bayan ɗaya kafin kwana uku. Ta miƙo mini biro.

Na sa hannu cewa a kulle take, ko tsayawa tunani ban yi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Alhamis, 5 ga wata, bayan la'asar

Na duba ko an kunna kwamfutar an hau intanet da ita, don in goge ta daga nan. Shiru.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Shiru. Wataƙila an riga an wanke ta an sayar wa wani ɗalibi. Yawancinsu haka suke yi. Yawancinsu.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe, a gida

Abban yara ya kai su gidan yayarsa. Na wanke kayan da na wanke jiya, na share ɗakin da ba shi da datti. To, bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya kai ƙara.

Wata huɗu da suka wuce aka ba ni mako biyu in kulle duk kwamfutocin da ke gidajen ma'aikata, kafin masu bincike su zo. Kowa ya kawo tasa ofis, a rubuta ta a rajistar mai gadi, a jona ta a wuta, ta yi kamar awa biyar tana aikinta. Na yi arba'in da ɗaya. Na yi faɗa da rabin kamfanin kafin in samu. Har gida na bi wata na ɗauko tata daga hannun 'ya'yanta suna kallon zane a ciki.

Kawu ya zo ranar ƙarshe, Alhamis, ƙarfe biyu saura, yana haki. Na ce masa awa biyar. Ya dubi agogon bango ya ce, "'Yata, ƙarfe huɗu ake sa Goggonki a inji. Kuma akwai sakamako sittin da zan shigar yau, masu su na jira."

Na ce ya tafi da ita ya dawo da ita Litinin. Wannan ba laifi ba ne. Ko yau aka maimaita haka zan ce.

Laifin yana nan: ƙarfe huɗu zan miƙa rahoto. Na zauna ina kallon jadawalin, layi arba'in da ɗaya kore, ɗaya ja a can ƙasa kamar ƙurji a goshi. Ni da na cika baki a taro na ce ko guda ba za ta tsere mini ba. Na ce a raina ai Litinin kamar yau ce. Na danna. Ya zama kore.

Litinin Kawu ya kira. Na ce ina cikin taro, zan neme shi. Ya sake kira bayan mako guda. Na ce kada ya damu, zan neme shi. Ba mantuwa na yi ba, kada in yi wa kaina wannan alfarmar. Duk kwamfutar da ta shigo sai mai gadi ya rubuta ta da kwanan wata da dalili, kuma masu bincike suna duba rajistar nan. Da ya kawo ta, da rajista ta ce an kulle ta bayan ranar da na ce na kulle ta. Na yi ta jiran ranar da za su gama su tafi. Da suka tafi aka ba ni takardar yabo, aka manna ta a allon sanarwa. Daga nan kuma kunya ta hana.

Shi ke nan. Na rubuta. Ban ji wani sauƙi ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Wata mata ta kira teburin karɓar baƙi tana kuka. Wani ya buga mata waya, ya kira cikakken sunanta, ya karanta mata sakamakonta. Irin gwajin da mutum ba ya so ko uwar da ta haife shi ta san ya yi. Ya ce in ba ta ba shi kuɗi ba, akwai waɗanda za su so su ji.

Manaja ya ce ƙila daga asibitin da ya turo ta ne abin ya fita. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Na shiga banɗaki na duba sunanta a wayata. Tana cikin ɗari shida da goma sha biyun.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

Na zuba gishiri a shayin Abban yara. Ya kurɓa, ya dube ni, ya ce, "Sabon tsaro ne wannan, don kada wani ya sha mini?" Ban yi dariya ba, shi ma sai ya fasa.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Waɗanda aka kira sun zama huɗu. Duk daga jerin Kawu.

Lauya ta tara mu. Ta zana abin a farin allo, tsaf, kamar lissafin 'yan aji uku. Kwamfuta a kulle take, ga jadawali, ga sa hannun Uwar Makulli. Wanda ba shi da mabuɗi ba zai karanta ba. An karanta. Saboda haka wani ya ba da mabuɗi. Mutum biyu ne suka san shi a duniya, mai kwamfutar da mai kulle ta.

Manaja ya ce, "Ita kam a cire ta. Matar da ta hana ni kaina sa ranar haihuwata a kalmar sirri?"

Aka yi dariya. Wani ya ce ai dattijon yana cikin matsi, ciwon ƙoda ba wasa ba ne, mutum in ya matsu ba abin da ba zai yi ba. Wanda ya faɗi haka Kawu ne ya yi masa hanyar aikin nan. Na ji kamar in kwaɗa masa mari. Sai na tuna ni ba ni da bakin marin kowa.

Gobe za a kira shi.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 12:50 na rana

Ya zo cikin farar rigarsa mai guga, da hularsa a karkace kamar kullum. Ya gaida kowa da sunansa. Da ya zo kaina ya ce, "'Yata, ya yaran?" Na ce lafiya lau, ina kallon takalminsa.

Lauya ta ce, "Kawu, ka taɓa rubuta kalmar sirrinka a takarda?"

Ya ce, "Na taɓa, ranki ya daɗe. Na manna a ƙarƙashin kwamfutar. Uwar Makulli ta gani ta yage ta a gabana, ta yi mini tas kamar ɗan cikinta. Tun ranar na haddace."

"Ka ba wani?"

"Ko Goggonku ba ta sani ba."

"To ta yaya bayanan suka fita?"

Ya ce, "Allah ne masani."

Sai ta yi tambayar da ban zaci za ta yi ba. Ina jin don cika takarda kawai ta yi ta. Ta ce, "An kulle kwamfutar taka dai, ko?"

Ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne. Kallo ne irin na wanda ya riƙe maka ƙofa yana jira ka shige. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na tsura wa gorar ruwan da ke gabana ido kamar yau na fara ganin gora.

Ya mai da kansa ga Lauya ya ce, "Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Na dai kawo ta ranar da aka ce a kawo."

An dakatar da shi har a gama bincike. Ya ce ya gode. Ya dubi agogo, ya nemi izinin tafiya, don yau Alhamis ce.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe 4:10 na yamma

Duk wanda aka dakatar, ni ke rufe asusunsa. Imel, shiga rumbun kamfani, katin ƙofa. Aikina ne. Na rufe na Kawu. Minti biyu ya ɗauke ni.

Juma'a, 13 ga wata, da safe

Bincike ne kawai. Ba kora ba ce. Ba su da hujja a kansa, dole su mai da shi.

Juma'a, da yamma

Ba su da hujja a kansa sai sa hannuna.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Abban yara yana gyaran fankar falo, ya baza sukurori a kan jarida, ni ina riƙe masa kujera. Ban shirya ba. Bakina ne kawai ya buɗe. Na faɗa masa tun daga ja har kore, yana tsaye a sama da sukundireba a hannu.

Ya sauko a hankali. Ya ce, "Shekara tara kina hana ni sanin lambar buɗe wayarki, ashe ke ma kina barin ƙofa a buɗe."

Na ce ba lokacin wasa ba ne.

Ya ce, "Na sani. Ina neman inda zan dafa ne." Ya zauna a hannun kujera. Sannan ya ce, "Gobe ki faɗa."

Na ce ya san abin da zai biyo baya? Ba kora kaɗai ba. A sana'armu amana ce jari. Wadda aka ce ta shafa kore a kan ƙarya, ko shagon buga takardu ba zai ba ta riƙon kwamfuta ba. Shekara goma sha ɗaya ina gina sunan nan. Ga yara, ga makarantarsu.

Ya ce, "Duk na ji. In aikin ya tafi za mu ci abin da ya samu, ba yau muka fara ba. Amma dattijon nan fa? Shi nasa sunan a bola ya tsinto shi?"

Na ce ai ba ni na sace ba, ba ni ke kiran mutane ba. Na ɗaga murya har ƙaramar ta leƙo daga ɗaki. Ya ce mata ta koma, Umma ce ke koya masa gyaran fanka.

Bai sake tayar da maganar ba. Ya hau kujerarsa ya ci gaba. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Na je har ƙofar Manaja. Yana waya. Na ce bari ya gama. Da ya gama na riga na koma teburina.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 11:25 na safe

Kawu ya kira. Na bar wayar ta yi ta ruri har ta gaji. Ya sake kira, na ɗauka.

Bai ce komai a kan kwamfuta ba. Ya ce jiya sun je asibiti an ce katin lafiyarsu na kamfani ba ya aiki, an juyo da su ba a sa Goggo a inji ba. Ko na san wanda zai yi wa magana?

Na sani. Katin lafiya a jikin asusun ma'aikaci yake. In na rufe ɗaya, ɗayan ya mutu. Ni na haɗa su da hannuna bara, don a rage wa ofishin ma'aikata wahala, har aka yaba mini. Ranar Alhamis da nake dannawa ko a raina ban kawo ba.

Na ce zan bincika, zan neme shi.

Ya ce, "To, 'yata. Allah ya ba da iko."

Zan neme shi. Ko kunyar bakina ban ji ba.

Talata, ƙarfe 3:00 na yamma

Na roƙi Manaja a buɗe katin kawai, a bar sauran a rufe. Ya ce shi ma abin yana damunsa, amma Lauya ta ce kada a taɓa komai sai an gama bincike. Ya ce, "Kina da tausayi, Uwar Makulli. Ban san ki da shi ba."

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Ƙarfe huɗu. Ina ta kallon agogon bango. Ban san ko sun samu hanya ba, ban kuma kira na tambaya ba.

Na rubuta wa Manaja wasiƙa, shafi ɗaya da rabi. Na karanta na ga rabinta bayanin yadda aiki ya yi mini yawa ne a watan nan. Na goge wannan. Abin da ya rage layi uku ne. Na ajiye ban aika ba.

Masu kawo mana kuka sun kai goma sha ɗaya. Waɗanda muka sani ke nan. Wanda aka kira ya ji kunya ya yi shiru, shi ba ya cikin ƙirga.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je unguwarsu. Na ce wa Abban yara kasuwa za ni, ya bi ni da kallo har na fita.

Layin nasu matsattse ne, kwata a tsakiya, mai gyaran babur a bakin shiga. Gidan mai shuɗiyar ƙofa, a rufe da kwaɗo. Ina tsaye kamar wadda ta ɓata hanya, sai maƙwabciyarsu ta fito zubar da ruwa. Ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Na ce Kawu.

Ta ce, "Ai suna asibiti tun daren Alhamis. Jikin nata ya kumbura, numfashi ya gagara, sai da aka ɗauke ta ranga-ranga. 'Yan'uwa ne suka haɗu aka kwantar da ita. Ke daga wurin aikinsa kike?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Gara dai. Mutumin da ya yi musu bauta shekara ashirin, wai shi ne ɓarawo. Har a masallaci ana nuna shi da baki. Allah ya isar masa."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

A motar haya na yi kuka har kwandasta ya ce in ba ni da kuɗin ne in bar shi.

Lahadi, 22 ga wata, bayan azahar

Na goge takalmina. Na fitar da kayan da zan sa gobe. Abban yara ya gani, ya ɗauki rigar ya goge mini da kansa.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 10:05 na safe

Na faɗa.

Ban zauna ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar Kawu ba a kulle take ba. Ban taɓa kulle ta ba. Ni na shafa wa layin kore. Ya kira ni sau biyu ya kawo ta, na hana. Ku duba rajistar mai gadi, ta shigo ƙarfe biyu saura ta fita biyu da minti biyar."

Manaja ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Ke?" Sau uku yana faɗa. Lauya ta aika aka ɗauko rajistar. Tana nan kuwa, da rubutun mai gadi mai kama da tafiyar tsutsa. Wata huɗu tana zaune a kan teburinsa, ba wanda ya buɗe, saboda ba wanda ya ga dalilin bincikar Uwar Makulli.

Lauya ta rufe rajistar ta ce, "Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba wata huɗun ba. Kwana ashirin ɗin nan."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ba ki sani ba tukuna."

Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in buɗe asusun Kawu kafin a karɓe nawa. Aka bar ni. Minti biyu.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Zan tafi ƙarshen wata. Ba a yi mini wulaƙanci ba, wannan ma wani nau'in hukunci ne. An cire takardar yabon daga allo, an bar ƙusoshin.

Kafin in tafi akwai aiki ɗaya. Za a kira mutum ɗari shida da goma sha biyu a gaya musu. Lauya ta ce tunda ni na san bayanin kullen sirri fiye da kowa, ni zan yi musu bayanin rashinsa.

An ce Goggo ta farfaɗo, an sa ta a inji jiya da yamma. Likita ya ce zuciyarta ta wahala, sai an ga abin da kwanaki za su yi. Manaja da kansa ya je asibitin ya ba Kawu haƙuri. Ni ban je ba. Na sa takalmi sau biyu na cire.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

An sayo wa Kawu sabuwar kwamfuta. Na jona ta, na kunna kullen, na zauna a gabanta ina kallon ɗan layin yana tafiya. Ban tashi ko fitsari ba. Awa huɗu da minti goma. Abin da ya ci ke nan duka.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

An ba ni ƙaramin ɗakin taro, da waya, da jerin sunaye. Ƙarfe tara saura na shiga na tarar da Kawu a zaune. Ya rame, rigar ba guga. Ba wanda ya ce ya zo. Ya ce shi ya shigar da sunayen nan da hannunsa, ya san wanda ke da lamba biyu, ya san wadda lambar mijinta ce a rubuce ba tata ba, kada a je a yi ɓarna a kan ɓarna.

Na durƙusa. Na fara, "Kawu, don girman Allah..."

Ya ce, "Tashi. Ƙasan da sanyi."

Na ce me ya sa bai faɗa ba ranar nan, da aka tambaye shi?

Ya ce, "Na ɗauka in na ba ki kwana ɗaya za ki faɗa da kanki, ya fi miki daraja. Sai kwana ɗaya ya zama abin da ya zama. Ni ma da nawa laifin, na yi shiru a kan abin da ba nawa ba." Ya gyara takardun gabansa. "Abin da ke tsakanina da ke na yafe. Na Goggonki, in ta tashi ki je ki nema a wurinta. Na waɗannan kuwa, ba ni da ikon yafe miki ko ɗaya."

Ya sa tabarau, ya karanto lamba ta farko, na buga.

Mace ce ta ɗauka. Na gabatar da kaina, na faɗi abin da Lauya ta rubuta mini, cewa bayananta sun fita, cewa wani zai iya kiranta, cewa kada ta biye masa, cewa muna ba da haƙuri. Ta bar ni har na kai aya.

Ta ce, "Yaushe aka sace?"

Na ce ranar biyu ga wata.

Ta ce, "Yau nawa?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Ranar sha huɗu aka tura wa yayan mijina sakamakona. Yau kwanana goma sha biyu a gidanmu. Ni dama ina neman ranar da zan gaya wa maigidana da bakina, ina ta tattara ƙarfin hali. Da kun kira ni a makon farko, da a bakina ya ji." Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ke ce mai kula da abin?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "To." Ta kashe.

Na riƙe wayar a kunne tana ƙara. Kawu bai dube ni ba. Ya ba ni kamar minti ɗaya, ya sa biro ya yi ɗan alama a gefen sunanta, sannan ya karanto lamba ta biyu.

Mun yi talatin da takwas kafin ya tashi ya tafi asibiti. Gobe ƙarfe takwas za mu ci gaba.